Irin da Na Ɓoye a Cikin Toka

A filin jirgin New York aka fara cutata, kuma ɗan ƙasarmu ne ya yi. Ina tsaye wurin ɗaukar kaya ina yi wa jakata faɗa da Hausa, sai ga wani mutum da kwat ya matso ya rusuna. Ya ce, "Mama, sannu da hanya. Me ke cikin ledar nan?" Na ce kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa, 'yata na kawo wa, ba ta da lafiya. Ya dafe kai, ya ce in ma'aikatan can suka gani ƙwacewa za su yi, wataƙila ma su mayar da ni gida. In kawo ya fita da ita ta layin 'yan ƙasa, mu haɗu a waje. Na ba shi har da sa albarka. Yau shekara biyu ke nan ina jiran mu haɗu a waje.

Daga nan wani ƙaramin jirgi ya kai ni Greensboro. Bulus, mijin 'yata Rifkatu, shi ya zo ɗaukata. Mutum ne marar magana, yana aiki a wani babban sito. Tun daga filin jirgi har gida ban samu kome a bakinsa ba sai "da sauƙi, Mama." A waya ma haka suka riƙa ce mini, wai tana ɗan fama. Rifkatu nas ce, shekara goma sha ɗaya tana jinyar mutanen ƙasar nan, sai na ɗauka wadda ta san magani ciwo ba zai yi mata rashin kunya ba. Da na shiga ɗakin na ga abin da ke kan gadon, na dafa bango. Ciwon daji ya cinye ta, ya bar mini idanu da haƙora. Ɗankwalinta ya zame, kan babu gashi ko ɗaya.

Na ce, "Wane ɗan banza ne ya aske ki?"

Ta yi dariya ta ce, "Kimo ne, Mama, maganin dajin. Ba ya karɓar ƙorafi. Zo ki zauna."

Gidansu yana McLeansville, gabas da gari. Gida nan, gida can, tsakani fili da itatuwa. Ba mai sallama, ba mai aiko yaro aron rariya. Sai ka yi yini ba ka ji muryar ɗan Adam ba, sai motoci suna wucewa da gilashi a rufe. Maƙwabcinmu ɗaya ne, wani dattijon Bature da karensa, kullum sai ya ɗaga mini hannu daga nesa kamar mai korar ƙuda. Ni da na saba in fita tsakar gida a ƙauyenmu na ƙasar Malumfashi in yi faɗa da mutum uku kafin koko ya huce, sai ga ni ina magana da tukunya.

Bari in faɗi ko ni wace ce, don a gane girman wautata. Ban shiga aji ba sai da na kai shekara arba'in da tara, a makarantar yaƙi da jahilci ta zumuntar matan cocinmu. Na zauna a kan benci da sa'o'in 'ya'yana, na koyi karatu da rubutu, ban ji kunyar kowa ba. A kan takarda na yarda ni ɗaliba ce. Amma a kan ƙasa ba ni da malami. Tun kafin in yi aure nake noma, gyaɗa, wake, dawa, rizga, albasa a fadama. Da mijina ya rasu, da fartanya na kai Rifkatu makarantar nas. A ƙauyenmu in ana neman iri mai kyau gidana ake zuwa, don ni irina bai taɓa yin ƙwari ba.

A farkon Nuwamba wani kwali ya zo ta gidan waya. Rifkatu ta ce in buɗe shi a kan gadonta. Jakunkunan raga uku ne, kowace da hoton fure a jiki, ciki kuwa wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu jan ɓawo.

Na ce, "Albasa kika sayo ta gidan waya? Ta ƙare a kasuwa ne?"

Ta ce, "Tulif sunanta. Ba a ci. Ki saurara da kyau, Mama, don ke za ki shuka mini, ni hannuna ba ƙarfi."

Ranar na ga fuskarta ta dawo irin ta da. Ta ɗaga jaka ta farko, ta ce waɗannan gajeru ne, jajaye, ganyensu da zane kamar an ja masa tozali, su ke fara buɗewa a tsakiyar Maris. Ta biyu dogaye ne ruwan goro, kansu kamar kofin shayi, sai farkon Afrilu. Ta ukun ta riƙe ta a ƙirji. Ta ce wannan mai duhu ce har kamar baƙa, bakin furenta a yage kamar gashin aku, ita ce auta, ba ta fitowa sai ƙarshen Afrilu. Ashirin-ashirin, sittin ke nan. Ta ce in haƙa a ƙarƙashin tagarta, zurfin taki guda, tsinin ya kalli sama, gajeru a gaba, dogaye a baya. In gauraya jar lakar da yashi don kada ruwa ya kwanta, in shimfiɗa ragar waya a kai saboda kurege.

Na ce, "To. Idan damina ta faɗi."

Ta ce, "Yanzu, Mama. Cikin satin nan."

Da safiyar ranar na fita bayan gida na ga abin da sanyin ƙasar nan ya yi wa barkono da tumatirin Bulus. Dare ɗaya suka koma baƙi, suka kwanta kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Ruwan da na bari a bokiti ya yi ɓawo. Sai na ce mata, "Ke, sanyin da ya kashe barkono mai saiwa, shi zan miƙa wa jarirai?"

Ta ce, "Sai sun sha sanyin nan wata uku kafin su yi fure. Haka aka halicce su. Nan ba Malumfashi ba ce."

Na ce, "Ƙasa ƙasa ce."

Ta rufe ido ta ce, "Don Allah, Mama. Ba ni da ƙarfin gardama."

Na yi shiru, ta ɗauka na yarda. Washegari na ɗauki shebur na yi kunya mai kyau a ƙarƙashin tagar, na zuba yashi, na shimfiɗa waya, na danne da duwatsu. Tana kwance tana jin ƙarar aikin. Amma ko ƙwaya ɗaya ban sa a ramin ba. Na kwashe tokar murhun da Bulus ke gasa nama, na tankaɗe ta, na samu wata babbar tukunya, na jera su ciki kamar yadda uwata ta koya mini ajiye irin wake: toka, iri, toka, iri. Na ɗaure bakin da tsumma, na tura ta cikin ƙaramin ɗakin da tankin ruwan zafi yake, wuri mafi ɗumi a gidan. A raina na ce da ruwan farko na bazara zan sa su, su taso da ƙarfinsu, ranar da suka yi fure in ba ta labari mu yi dariya.

Da na shigo ta ce, "Kin shuka?"

Na ce, "Na shuka."

Hunturun nan a hanyar asibiti muka yi shi. A can na gamu da Hajiya Zainabu. Na shiga makewayi zan wanke hannu, famfon ba shi da abin murɗawa, ina dukansa ina ce masa shege, sai na ji an fashe da dariya a bayana. Wata mata ce mai jiki da abin goge ƙasa a hannu. Ta ce, "Ei! Wa ke zagin famfo da Hausa a nan?" Ta kama hannuna ta tura ƙarƙashinsa, ruwa ya zubo. 'Yar zangon Kumasi ce, shekara ashirin tana shara a asibitin. Daga ranar, duk lokacin da aka kwantar da Rifkatu sai ta zo da koko da ƙosai a leda. Ita ta samo mini daddawa a wani shagon 'yan Afirka. Ta kan tsaya a ƙafar gadon ta yi addu'arta ta Musulunci, ni in yi tawa, Rifkatu ta ce, "Ku dai ku yi ta turawa, ko wace ta riga isa."

A gida kuwa, an juya gadonta ya kalli taga. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka ta rufe kunyar, Rifkatu ta ce, "Kin ga, Mama, yanzu suna can ƙasa suna aikinsu. Saiwa suke yi." Na ce, "Uhm." A zuciyata ina cewa da suna can da tuni sun zama gawa. Har na kan leƙa ɗakin tankin in taɓa tukunyar in ji ɗuminta, in ji daɗi.

A Fabrairu likita ya ce a dakatar da kimo. Bulus ya same ni a kicin ya fara yi mini bayani, yana murza hularsa. Ban bar shi ya kai ƙarshe ba. Na ce likita ba Allah ba ne, kuma duk wanda ya sake yin maganar nan a gidan nan zai ga abin da ban taɓa nuna wa suruki ba. Ya mayar da hularsa ya fita.

Farkon Maris na fita zubar da shara, sai idona ya faɗa kan gaban gidan dattijon Baturen. Ƙasar da ƙanƙara ta kwana a kai duk ta tsage, wasu korayen tsinaye sun leƙo, jere reras. Na tsaya da ledar shara a hannu. Na san ganyen, na gan shi a hoton jakar.

Ranar Asabar Hajiya ta zo dubiya. Na ja ta waje, na ciro ƙwaya ɗaya daga tukunyar, na ce ta raka ni ta yi mini tafinta. Dattijon ya ce shi tun lokacin idinsu na cin talotalo ya shuka nasa, ƙarshen Nuwamba. Na miƙa masa tawa. Ya hure tokar, ya matsa ta da yatsa, ta lotsa kamar tsohon lemo. Ya tambayi inda ta kwana. Da Hajiya ta faɗa masa, ya cire gilashinsa ya dube ni. Ya ce furen yana cikin ƙwayar tun farko, ɗan ƙarami, sanyi ne ke tashinsa, zafi kuwa kashe shi yake yi. In an shuka yanzu wataƙila a ga ganye. Fure dai babu, bana ta wuce.

Muna fita Hajiya ta ce, "Ei, Maman Rifkatu, kin kashe ni! Yarinya ta ce a sa a ƙasa, kin sa a tukunya? Miya za ki yi?"

Na ce, "Hajiya, in ba ki da dabara ki yi mini shiru."

Tana da dabara. Ranar Litinin aka kwantar da Rifkatu a asibiti kwana uku don a zuƙe mata ruwan ciki. Ranar Talata Hajiya ta ɗauke ni a tsohuwar motarta zuwa wani katafaren kanti a titin Wendover, inda ake sayar da tulif da aka riga aka raina a cikin tukwanen roba. Ja ne da rawaya kawai, duk tsawonsu ɗaya. Na tambayi mai baƙin, aka ce babu. Mai sayarwar ya rantse wa Hajiya za su yi wata guda a tsaye. Muka cika bayan mota. Da muka dawo gida muka ɗage ragar wayar, muka zare su daga robobin muka dasa, na baje ƙasa da tafin hannu. Bulus ya dawo daga aiki ya same mu laka har gwiwa. Ya dubi furannin, ya dube ni, ya ɗauki robobin ya kai su can bayan gida ya ɓoye.

Ranar Alhamis da hantsi aka dawo da ita. Bulus ya kwantar da ita, ya sa mata matashi biyu. Ta juya ta kalli taga. 

"Mama."

"Na'am."

"Yaushe gajeruna suka yi tsawo haka?"

Na ce, "Ƙasar ce mai kyau."

"Ranar Litinin da na fita ko tsiro babu. Kuma ni ban sayi rawaya ba." Ta nuna da yatsa. "Wancan na gefe ma ga takardar kanti a maƙale a wuyansa."

Hajiya ce ta manta da ita. Bulus ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ina nawa?"

Na je na jawo tukunyar, na ajiye a gaban gadon, na kwance tsumman. Ta leƙa. Wasu sun bushe sun zama fanko, wasu sun fitar da farin tsiro a lanƙwashe, suna neman hanya cikin duhu.

Ta ce, "Toka! Mama, toka kika sa musu? Kamar waken Kaka?" Ta yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, Bulus ya ba ta ruwa. Da tarin ya lafa, dariyar ba ta dawo ba.

Ta ce, "Kin san abin da ya sa na zaɓi iri uku? Tun Oktoba likita ya faɗa mini wata shida, in an yi sa'a bakwai. Na zauna da kalanda na lissafa. Na ce in na ga jajayen, zan daure in jira ruwan goron. In na ga ruwan goron, zan ce wa jikin nan ya ƙara mini sati uku saboda baƙar. Kowace safiya tun Nuwamba nake kallon wurin nan. Ashe rami nake kallo."

Na ce, "Ba ki faɗa mini maganar likitan ba."

"Sau uku na fara. Kika ce in rufe baki, baki shi ke yanka wuya."

Ban taɓa durƙusa wa ɗan da na haifa ba. Ranar na durƙusa, gwiwa biyu, a kan tokar da ta zube. 

Ta ce, "Tashi, Mama, ba kyau. Je ki cire na kantin, a kai wa Hajiya ta sa a barandarta. Ki shuka nawa."

Na ce, "Dattijon can ya ce ba za su yi fure ba."

"Na sani. Ki shuka."

Na zauna na tsince masu sauran nauyi, talatin da huɗu. Toka ta cinye alamar, ban ƙara sanin wace ce ja wace ce baƙa ba. Na haƙa taki guda, tsini sama. Tana daga ciki tana ƙwanƙwasa gilashi da zobenta, in na matsa su da yawa ta girgiza kai, in na yi daidai ta ɗaga yatsa. Shekara arba'in da wani abu ina noma, ranar ce kaɗai na yi shuka ana gaya mini yadda zan yi, kuma na bi. Na kantin kuwa, da aka ce za su yi wata, kwana shida suka yi a barandar Hajiya suka zube.

Dattijon bai taɓa shigowa gidanmu ba. Amma da nasa suka fara buɗewa, sai mu tarar da kwalba a bakin ƙofa da fure uku ko huɗu a ciki, ba ƙwanƙwasawa, ba takarda. Rifkatu ta kan shinshina ta ce a yi masa godiya, a ajiye a kan tebur. Sannan ta mayar da ido kan taga.

Cikin Afrilu goma sha tara suka tsiro. Ganye siriri, kore mai haske, wasu ɗaya tak kamar kunnen zomo. Tana ƙirga su kowace safiya, in ta samu ƙari ta kira ni in tabbatar. Na kewaye su da waya har sama saboda barewa. Kurege ɗaya ya gwada, na bi shi da muciya har bakin titi, Rifkatu ta ce rabon da ta ga abin dariya irin wannan tun tana firamare.

Daga baya ta daina iya ɗaga kai. Nas mai zuwa gida ta ƙara mata maganin zafi, matan coci suka riƙa zuwa bibbiyu suna waƙa a hankali a falo. Wata Talata da azahar, a satin ƙarshe na watan, ta buɗe ido ta motsa baki. Na kai kunnena.

"Mama, je ki duba mini. Ko akwai mai kai a ciki. Ko ɗaya."

Na fita. Na durƙusa a gaban kunyar, na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina buɗe tsakiyar ganyen da ɗan yatsa kamar mai duba bakin jariri. Na kai ƙarshe na sake dawowa daga farko. Sha tara. Ganye ne, a cikin ganyen ma ganye.

Da na shigo Bulus yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Ya karanta fuskata. Ya kama hannun rigata, abin da bai taɓa yi ba, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Mama, ki ce akwai. Ba za ta iya tashi ta gani ba. Don Allah ki ce akwai guda ɗaya."

Na zare hannuna na wuce. Na zauna a bakin gadon. Idonta yana kaina.

Na ce, "Babu, Rifkatu. Na duba sau biyu. Babu ko ɗaya."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta lalubo hannuna, da jar lakar da kome, ta ɗora a kan ƙirjinta.

Ta ce, "Yauwa. To yanzu zauna in faɗa miki abin da likita ya ce, da abin da nake so a yi bayana. Kada ki katse ni."

Ban katse ta ba. Ranar Alhamis da safe ta cika.